Me Ya Sa Waƙoƙin Eurovision Ke Manne wa Mutum a Ka Duk da Ƙyalƙyalinsu?

Wani ɗan'uwa tela da ke Idi-Araba ya aiko mini da tambaya. Ya ce ƙanwarsa da ta dawo daga karatu a Turai ta kunna musu gasar waƙa ta Eurovision a waya, suka zauna suka kalla. Shi dai a idonsa abin ƙauyanci ne tsagwaronsa: kaya masu walƙiya, wuta na tashi ta ko'ina, fanka na kaɗa gashin mawaƙiya, wani ya fito da fuskar dodo. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, kwana 3 yana kan keken ɗinki yana rera amshin wata waƙa da bai san ko kalma ɗaya ta yarenta ba. Sai ya ce: wannan kiɗa ne na gaske ko wasan yara, kuma me ya sa yake kama mutum haka?

Ɗan'uwana, kiɗa ne na gaske, kuma waɗanda suka haɗa shi sun san hannunsu. Na shafe shekara sama da 20 ina aikin sauti a Legas, tsakanin situdiyo a Agege da ɗakunan biki, kuma ina gaya maka, babu abin da ya kai wahalar haɗa waƙar da za ta shiga kan baƙo daga ji ɗaya. Wannan ƙyalƙyalin da ka gani ba rashin iyawa ya kawo shi ba. Dokokin gasar ne suka haife shi.

An fara gasar a 1956 a garin Lugano na ƙasar Suwizalan, da ƙasashe 7 kacal, ƙarƙashin ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU. Yau daren ƙarshe kan ɗauki waƙoƙi wajen 26, masu kallon gasar kuwa sun haura miliyan 160 a 2025. To ka sa kanka a matsayin mawaƙi. An ba ka minti 3, ba ƙari ko daƙiƙa. Mutum 6 kawai aka yarda su hau dandali tare da kai a cikinsu. Kafin kai wani ya yi, bayanka wani zai yi, tsakaninku abin da bai fi minti ɗaya ba. Mai sauraronka wata tsohuwa ce a Fotugal da wani matashi a Finlan, ba sa jin yarenka, ba su taɓa jin sunanka ba, wataƙila ma lokacin da ka fara suna kicin suna ɗebo shayi. Daga cikin waƙoƙin nan duka za a ce su zaɓa, kuma doka ta hana mutum ya zaɓi ƙasarsa. Ta yaya za ka sa a tuna da kai?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Oshodi ko Mile 12 da safe ya san amsar. Kwandastan danfo ba ya rera sunan unguwa a hankali. Yana yanke shi gajere, ya maimaita, ya buga jikin mota da tafin hannu, domin akwai wasu 30 da ke ihu a gefensa. Mawaƙin Eurovision a irin wannan kasuwa yake.

Bari in fara da amshin da ya hana ka sakat. A waƙarmu ta gargajiya akwai lokaci. Marigayi Mamman Shata kan ɗauki waƙa ɗaya ya yi ta jan ta, kalangu na tafiya, 'yan amshi na karɓa, yana saka magana yana warwarewa, ba mai cewa ya yi sauri. Masu kiɗan fuji na Yarbawa a nan Legas ma haka, su kan yi rabin awa a kan kiɗa ɗaya suna kiran sunayen masu liƙi. A minti 3 babu wannan sarari. Gabatarwa daƙiƙa kaɗan ce, amshi ya zo kafin minti na farko ya cika, ya dawo sau 3 ko 4, kuma a gina shi kan sautuka kaɗan da ke kusa da juna yadda maƙogwaron kowa zai iya bi. Wanda bai iya waƙa ba ma zai iya rerawa, shi ya sa kai ma bakinka ya ɗauka ba tare da ka ba shi izini ba. Ƙafarka na kan keke tana bugawa da tsari, kiɗan kuma mai bugu huɗu ne madaidaici, sai suka haɗu.

Sai matsalar yare. Shekaru da dama doka ta tilasta wa kowace ƙasa yin waƙa da harshenta. An sassauta daga 1973 zuwa 1976, aka dawo da ita, sai a 1999 aka cire ta gaba ɗaya. Mawaƙan suka nemi dabara: kalmomin da ba na kowa ba, saboda haka na kowa ne. Sifaniya ta ci a 1968 da waƙa mai suna "La, la, la". Holan ta ci a 1975 da "Ding-a-dong". Suwidin ta ci a 1984 da "Diggi-Loo Diggi-Ley", samari 3 'yan'uwan juna sanye da takalma masu ruwan zinare. Masu sharhi a Turai har yau suna yi wa waɗannan sunaye dariya. Ni ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba, domin na tashi ina jin 'yan mata a dandali suna "ayye yaraye, iye nanaye". Wa ya taɓa tambayar ma'anarsa? Har ta kai waƙoƙin finafinanmu ana ce musu nanaye. Waɗannan kalmomi ƙofa ce da ake bar wa baƙo a buɗe ya shigo cikin waƙa.

Akwai wata da ta faranta mini rai a 2011, lokacin da Stella Mwangi, haifaffiyar Kenya, ta wakilci Nowe da waƙar "Haba Haba". Da Swahili ne, ma'anarsa kaɗan-kaɗan, amma yaran situdiyo da suka ji sai suka ɗauka da Hausa take. Ba ta kai daren ƙarshe ba, amma mako guda ana rera ta a wurinmu.

Dabara ta uku ita ce wadda na fi so in yi maka bayani, domin ita ce ke tayar da tsigar jiki. Kusa da ƙarshen waƙa, bayan ka saba da amshi har ka fara sakin jiki, sai a yi ɗan tsit, ganga ta buga, a ɗaga waƙar gaba ɗaya mataki ɗaya sama. Kalmomi ba su canza ba, karin bai canza ba, amma komai ya hau. Mawaƙin dole ya ƙara ƙarfi, jijiyar wuyansa ta fito, kai kuma jikinka ya ji kamar an buɗe taga a ɗaki mai zafi. Tsofaffin waƙoƙin Eurovision sun yi suna da wannan, ko da yake a 'yan shekarun nan an rage, an koma ga yanke kiɗa a saki ganga mai nauyi.

Na ga aikin wannan dabara da idona. Wata Hajiya ta kawo mana aikin waƙar bikin 'yarta. Muka gama, ta zo ta zauna kan kujerar roba a bayana, ta ajiye jaka a cinya, ta saurara har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Sai ta ce, "Ɗana, ta yi daɗi, amma ba ta tashi ba." Na gane abin da take nufi. Na koma kan fiyano na ɗaga amshin ƙarshe, na ninka muryoyin 'yan amshi, na ƙara ƙararrawa a daidai inda ake kiran sunan amarya. Ranar biki ina bayan na'ura ina kallo. Mata na zaune da ankonsu suna fifita da katin gayyata. Da aka iso wurin nan, sai na ga layin gaba ya miƙe kamar an ja su da igiya ɗaya, guɗa ta tashi, uwar amarya ta rufe fuska da gefen mayafi tana kuka. Dabarar sananniya ce, kowane mai haɗa kiɗa ya san ta. Hawayen kuwa na gaske ne, ba wanda ya isa ya ce mini na jabu ne.

Yanzu mu zo kan kalmar da ka yi amfani da ita, ƙauyanci. Turawa ma suna da tasu, kitsch, wadda suka aro daga Jamusanci, suna nufin ado mai arha da ya wuce gona da iri, mai neman taɓa zuciya ta gajeriyar hanya. A nan ne nake so ka tsaya ka dubi teburinka. Kai ne fa kake kwana kana manna duwatsu a jikin leshi ɗaya bayan ɗaya. Ka san yadda rigar nan take da rana tsaka a shago, a ƙarƙashin farin ƙwai: ta yi nauyi, ta yi hayaniya, har ka ce anya ba a cika ba? Amma ka san ba don shago aka ɗinka ta ba. Don babban ɗaki aka yi ta, mai mutum 500, inda amarya za ta shigo daga ƙofa mai nisa kuma dole na kujerar ƙarshe ya san ita ce. Kayan mawaƙin Eurovision da wannan lissafi aka ɗinka su, sai dai nasa ɗakin nahiya ce guda.

Mu kuma mutane ne da suka san darajar cika ado. Ka tuna jeren ɗakin amarya na da, kwanukan samira masu furanni an ɗora su har rufi, ba don a ci abinci a ciki ba. Ka dubi bayan manyan motocin da ke sauke albasa da tumatir a Mile 12, zaki da mikiya da dabino an zana su da fenti mai ihu. Ka dubi doki ranar hawan sallah. Ba wanda ya yi waɗannan don ya burge malamin zane a jami'a. An yi su ne don a ce yau rana ce ta daban, mun fito da duk abin da muke da shi. Idan mutum ya raina wannan, yawanci ba adon yake rainawa ba, masu adon yake rainawa. Shi ya sa kalmar ƙauyanci ba ta kwanta mini ba.

Misalin da nake bayarwa kullum shi ne na 2012 a birnin Baku. Rasha ta turo tsofaffin mata 6 daga wani ƙauye mai suna Buranovo, babbarsu ta haura shekara 70, sanye da jajayen kayan gargajiya, suna waƙa da yarensu na Udmurt. A bayansu an kafa tanda tana juyawa. Suka sa faranti a ciki, suka yi rawa irin ta tsofaffi, kafin waƙa ta ƙare suka fito da abin da suka gasa suna murmushi. Idan ka rubuta wannan a takarda za a ce shirme ne. Amma suka zo na biyu da maki 259, kuma kuɗin da suke samu daga waƙa suna tarawa ne don sake gina cocin ƙauyensu. Duk wanda ya kalli fuskokinsu ya ga kakarsa. Ni Barmani Choge da matan amada suka faɗo mini a rai, ƙwarya a gaba, ba kunyar kowa. Haka a 2006 a Atina, 'yan Lordi na Finlan suka fito da fuskokin dodanni suka ci gasar, karo na farko ga ƙasar da ta fara shiga tun 1961. Cire fuskokin ka saurari waƙar kawai, za ka tarar da amshi mai sauƙi, ginanne da kyau, wanda yaro zai iya ɗauka.

Kada kuma walƙiya ta rufe maka ido daga wahalar da ke ƙasa. Har zuwa 1998 akwai babbar ƙungiyar makaɗa masu goge da ƙaho a wurin, da madugunsu mai sanda. Daga 1999 aka koma kiɗan da aka naɗa, don haka jita da gangar da kake gani a hannunsu yau don ido ne kawai. Amma muryar jagoran waƙa dole ta fito kai tsaye daga bakinsa, kuma ba a yarda da na'urar da ke gyara karkatar murya ba. A matsayina na wanda ke zama da wannan na'ura kullum, na san adadin mawaƙan da ba za su iya minti 3 babu ita ba, a Arewa da Kudu. Mutum yana gudu, yana rawa cikin kaya masu nauyi, wuta na fashewa a gefensa, na'urar kunne na faɗa masa bugu, kyamara na jiran ya juyo a daidai daƙiƙar da aka tsara, kuma ya riƙe dogon sauti a ƙarshe ba tare da numfashi ya yanke ba. Daga wannan dandali ABBA, shahararriyar ƙungiyar mawaƙan Suwidin, suka fito a 1974 a Brighton. Céline Dion ta ci wa Suwizalan a 1988 a Dublin da ratar maki 1 tak a kan Birtaniya. Muna da namu ma a ciki: Destiny Chukunyere, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne da ya buga ƙwallo a Malta, ta ci gasar yara ta Eurovision a 2015, ta wakilci Malta a ta manya a 2021 ta zo ta 7. Ka nemi muryarta ka ji.

Ba zan ce maka duka waƙoƙin suna da kyau ba, don ba haka ba ne. Da yawa kwalliyarsu ba ta biyan kuɗin sabulu. Abin da ya fi damuna shi ne kamanceceniya. Suwidin, wadda ta ci sau 7 daidai da Ailan, ta ƙware har marubutan waƙarta na yi wa wasu ƙasashe aiki. Waƙar da Azarbaijan ta ci da ita a 2011 ma akwai hannun 'yan Suwidin a rubutunta. Sakamakon haka sai ka ji waƙa 10 da Turanci, sumul, ba aibi, amma ba ka san daga wace ƙasa suka fito ba, kamar yadin da aka yanko daga bandir ɗaya. Wannan ciwo muna da shi a gida. Tun da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, sauti ɗaya ake juyawa, har mutum ya kasa bambance waƙar wannan fim da ta wancan. A wurina wannan shi ne aibin, ba yawan ado ba. Waƙar da ta cika ado amma da mutum a cikinta ta fi mini wadda aka goge tas babu kowa a ciki.

Masu kallo ma da alama haka suke ji. Kowace ƙasa na ba da maki kashi biyu, na alƙalai masana da na jama'a, mafi girma 12. A 2023 a Liverpool alƙalai suka fifita Loreen ta Suwidin da maki 340, jama'a kuma suka zuba wa Käärijä na Finlan 376, wani saurayi da koriyar riga mai kumburarrun hannuwa, yana waƙa da yarensa kamar zai tsage. Loreen ta ci da jimilla 583, shi ya tashi da 526, amma zauren sunan waƙarsa yake ta kira ana tsakiyar sanar da sakamako.

Sai daren da ba na mantawa, na Mayun 2017. Ana ruwa a Agege, an ɗauke wuta, janareta na ruri a waje, mu 5 a situdiyo mun kewaye kwamfuta. Bayan wuta da hayaƙi da tsalle-tsalle, sai wani siririn saurayi ɗan Fotugal, Salvador Sobral, ya tsaya shi kaɗai kan ɗan ƙaramin dandali a tsakiyar jama'a, da baƙar kwat da ta yi masa yawa. Ba rawa, ba wuta. Ya rera waƙar da 'yar'uwarsa ta rubuta, da harshensu, a hankali kamar mai lallashin jariri. Yaron da ke koyon aiki a wurina yana cin gyaɗa, sai na ga hannunsa ya tsaya a hanya. Na tashi na rufe ƙofa don ƙarar janareta. Ya ci da maki 758, mafi yawa a tarihin gasar, kuma nasarar farko ga Fotugal. Da ya karɓi kofi ya ce kiɗa ba wasan wuta ba ne, abin da zuciya ke ji ne. Na yarda da rabin maganarsa. Abin da bai faɗa ba shi ne, shirunsa ya yi ƙarfi ne saboda hayaniyar da ta kewaye shi. Kai tela ka sani: a taron da kowa ya sha aiki da duwatsu, mai farar shadda ba ado shi ido ke bi. Da kowa farar shadda ya sa, da ba wanda ya gan shi.

Abu biyu zan ƙara, tunda a gida kuke kallo da iyali. Na farko, akwai shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba, da wasannin da ni kaina ba na barin yarana su gani. Kusan duk waƙoƙin na fitowa a YouTube makonni kafin gasar, don haka nakan duba tukuna in san inda zan tsallake. Na biyu, masu gasar na cewa ba ruwansu da siyasa, amma tana nan. Girka da Sayifurus sun shahara da miƙa wa juna maki 12. An cire Rasha a 2022 bayan ta afka wa Yukiren, a shekarar kuma Yukiren ta ci. A 2024 a Malmö dubban mutane sun yi zanga-zanga kan barin Isra'ila ta shiga ana tsakiyar yaƙin Gaza, kuma na san mutanen da suka daina kallo saboda haka. Ina girmama matsayinsu. Daga nahiyarmu Maroko ce kaɗai ta taɓa shiga, sau ɗaya, a 1980, alhali Ostireliya da ke can ƙarshen duniya tana ciki tun 2015.

Idan kana so ka gwada abin da na faɗa, ɗauki waƙar nan da ta manne maka. Kife wayar a kan teburin yanka, kada ka kalli hoto, ka saurara da kunne kawai. Duba agogo ka ga a daƙiƙa ta nawa amshi ya fara shigowa, ka ƙirga sau nawa ya dawo, ka jira wurin da kiɗa zai yi tsit kafin ya tashi. Sannan ka kunna wata waƙar biki da ka fi so ta gida ka yi mata irin wannan lissafi. Daren ƙarshe kuma Asabar ce a watan Mayu, ana farawa ƙarfe 8 na dare agogon Najeriya, ana kaiwa wajen sha biyu. Idan Allah Ya kai mu, ka taho Agege da ƙanwar taka, akwai manyan lasifika a situdiyo, zan nuna maka wurin da ake ɗaga waƙar kafin ya iso.